Lahadin da Yaya Bulus Ya Yi Ihu

Bana ruwa ya yi jinkiri a Tawa. Da la'asar hadari ya kan haɗu gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta cika baki, sannan iska ta kwashe shi kamar bai taɓa zuwa ba. Lahadin da ta wuce muna majami'a, za a fara roƙon ruwa, sai ɗan ƙanwata ya raɗa mini: "Kawu, kashe salularka, yanzu ana sauraren mutane." Na dubi abin da ke hannuna. Na ce ɗana, wanga wane irin kunne ne, ko gaisuwa ba shi amsawa? Mu namu kunnen gwamnati ƙafa biyu gare shi, shina da mata da ɗiya, har tari shike yi. Sunanshi Illa.

Shekarar da nike magana ta babban fari ce, lokacin soja. Ina da ƙarhina sannan, ina tuƙa kamyo, babbar motar kaya, yau Kwanni gobe Agadas, in na dawo in sauka gidan wana, Yaya Bulus. Mu mutanen kudu ne, daga wajen Maraɗi. Aiki ya kawo Yaya Bulus Tawa, shi kuma ya jawo ni. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, gari duka Mushe Bulus ake ce mishi, kuma shi ne dattijon 'yar ikkilisiyarmu, don faston ya tahi kudu jinya bai dawo ba.

Ruwa ya sauka sau guda mai kyau. Mutane sunka hita da sungumi, anka yi shuka tun daga Kalfu har Barmu. Hatsi ya tsiro, ya kai tsawon yatsa, ya tsaya jiran na biyu. Na biyu bai zo ba. Ya yi ja, ya kwanta, rairayi ya binne shi. Masu sauran iri sunka sake shukawa, wanga ko tsirowa bai yi ba. Zahi kuwa, in ka taɓa ƙofar mota da rana sai ka tuna zunubanka. Buzaye da Hilani sunka gangaro daga arewa, sunka kafa 'yan bukkokin tabarma bayan gari. In na biyo hanyar Takanamat, sai in naɗe hancina da rawani don warin shanun da sunka faɗi. Nama ya yi yawa har ya gundure mu, nama babu mai, kana tauna kamar igiyar guga. Hatsi ne babu.

Gidan a hannun matar yaya shike, Madam Rifkatu. Tun gari bai waye ba tana layin pompo. In ta dawo ta canja ruwan anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kahin su yarda a ci su. Hura ta koma ruwa tsululu, kana ganin gindin ƙwarya. Dusar da ake ba akuya, akuya ta daina gani. Da rana ganyen jiga da ɗan ƙuli-ƙuli, da marece tuwon jar dawa in an samu. Bakuna kuwa: ɗiyansu, da ɗiyan dangi da anka turo daga ƙauye, da wata tsohuwa maƙwabciya da samarinta sunka tahi Abijan sunka yi shiru, da matan bukkoki da ke tsayuwa bakin ƙofa ba su cewa komi. Duk wannan kan aikin mutum guda. In aikin Yaya ya faɗi, tukunyar ta mutu.

Shi kuwa Yaya, mutumin soja ne har ɓargo. Cikin yunwar nan sai ya goge rigarshi da gawayi kowace sahiya. Hoton shugaba na falo, ƙarƙashin gicciye kaɗan, ya auna da idonshi. Kullum maganarshi: mulki daga Allah shike, da soja biro, wato ma'aikatar gwamnati, na buɗewa kan lokaci, yaro na gaida babba, ɓarawo na jin tsoro. In ka ce mishi ana kama mutane kan magana, sai ya ce wanda ba shi da abin ɓoyo mi ya dame shi da mai saurare? Amma mutumin ga, in zai tambaye ni ko na ga hatsi a Kwanni, sai ya ƙara muryar rediyo, ya leƙa bayan katanga, ya jawo ni ɗaki, ya tambaye ni da Faransanci. Haba! Tambayar hatsi! Na yi yawo ƙasashe, ban ga mai son gwamnati da tsoron gwamnati a riga guda kamar wana ba.

To, Illa. Lokacin nan duk inda mutane ke taruwa sai an aje wani ya ji abin da ake cewa. Mu anka ba mu Illa, mutumin Kalfu, ɗan sandan ciki wai. Wane ciki? Mu ba mu cika benci shida ba, kowa ya san kakan kowa, sai ga baƙo da hula da tazbaha ya tuɓe takalmi bakin ƙofa ya ce wucewa shike yi. Ɗanshi Sani ma ajin Yaya shike. Lahadi ta farko Yaya ya tashe shi tsaye kamar yadda muke wa baƙi, anka yi mishi barka da zuwa, anka tafa. Bawan Allah kamar ya nutse.

Daga nan ya zama namu. Bencin ƙarshe, kusa da ƙofa, inda iska ke ɗan shigowa. Azumi ya kama cikin zahin nan, ga wa'azin Yaya da ba shi da birki, sai ka ji minshari. In an tashi ya tare Yaya: "Mushe, yau mi anka ce?" Yaya ya maimaita mishi wa'azin tun daga farko, har Illa ya ce ya isa, ya isa. Ya taɓa kai mini kuka: "Direba, wallahi aikin ga ya kashe ni. Surukaina sun aiko a tambaye ni ko na tuba na bi ku."

Akwai wani lokaci cikin sujadarmu da Yaya da kanshi ya tsara, lokacin roƙo. Mai nauyi a zuciya ya tashi shi kaɗai, ya faɗa wa Allah, mu ce amin, ya zauna, wani ya tashi. Ɗaya bayan ɗaya, kamar yara gaban allo. Mutane sun san iyaka: a roƙi ruwa, a roƙa wa shugabanni hikima, a zauna.

Sai rannan Madam Rifkatu ta gyara ɗaurin zane ta tashi.

"Ya Uba, kai ka ga buhunan dawar nan da anka aiko don talakawa. Ka gan su a magaza, ɗakin ajiyar gwamnati. Ka kuma gan su a kasuwa, da tambarinsu da komi, ko juya buhun ba su yi ba. Ba ni zan gaya maka motar da ta kai su ba, ka san kalarta. Rediyo na cewa ba mai mutuwa da yunwa. To Uba, yaron da anka binne jiya bayan bukkoki, mi ya kashe shi? Ni ban yi lakwal mai nisa ba, kai ka bayyana mini."

Amin ɗin da ya hito, ko sauro ya hi shi ƙara. Na waiga. Illa idonshi biyu, shina kallon silin kamar an rubuta wani abu can.

Lahadi ta gaba ta ƙara, har da sabon bayani.

Ran Litinin da la'asar Illa ya yi sallama. Yaya ya ƙara rediyo. Illa ya ce: "Mushe, rage abin ga, ni ne dai wanda kake ɓoye wa, ga ni zaune." Ya ce sau biyu ya yi kamar bai ji ba. Amma magana ta bi ta kasuwa ta kai komisariya wajen 'yan sanda, babbansu da ake ce wa Shef ya kira shi ya ce yaya kullum rahotonka waƙa da addu'ar lahiya? Lahadi mai zuwa Shef zai zo da kanshi. "Madam ba wanda zai taɓa ta, ba ta aikin gwamnati. Kai ne ma'aikaci, kai ne kuma shugaban wurin. In ya ji da kunnenai, alli ya hita hannunka. Wannan in an yi maka sauƙi kenan. Don Allah a ce Madam ta yi ciwon haƙori."

Madam na bayan zana tana tankaɗe. Ta ce: "Haƙorana lahiya lau, baban Sani. A gaida uwargida Hadiza."

Makon nan ban taɓa ganin irinshi ba. Motata na garaji ana jiran wani ƙarhe daga Yamai, don haka duk a idona anka yi. Kullum Yaya na fama da Madam.

"Rifkatu, Allah na ji ko a zuci."

"To kai mi ya sa kake muna wa'azi da baki? Yi shi a zuci mu huta."

"An ce mu yi biyayya ga masu mulki."

"Na zage su? Da su nike magana? Da Ubana nike magana, su sunka zo saurare."

"Ki dubi yaran ga. In an kore ni mi za su ci?"

Ta hi shi sanin abin da ke cikin tukunya. Ta daɗe tana juya anza. Sannan ta ce: "Na dube su. Na dubi na bayan gari ma. In na tsaya gaban Allah na zaɓi abin da zan faɗa mishi don wani mai tabarau, to ba Allah nike wa sujada ba. Kai ka koya mini wannan, Mushe, ba ni na ƙirƙiro ba."

Kun ji matsalar auren mace mai riƙe wa'azi.

Yaya ya turo ni, wai ni abokin wasanta ne, ko za ta ji tawa. Na same ta tana tsinke jiga. Na ce matata, ki shirya in kai ki Maraɗi ki gano Inna, in sayo miki zane a hanya. Ta ce: "Da wace motar, wadda ke kan duwatsu? Tashi ka ba ni wuri, ƙaramin miji. Babban ma bai iya ba." Na ce to ki yi addu'ar amma ki bar buhu waje. Ta ce buhun ne addu'ar.

Na komo wajen Yaya raina a ɓace. Na ce kai ne shugaba, soke lokacin roƙon mana, Lahadi guda! Ya dube ni kamar na ce ya sha giya. A soke addu'a cikin fari, don tsoron mutum? Na ce to hana ta zuwa. Ya ce ranar da ta haihi ɗiyarsu Lidiya ma tana majami'a, sai da ta tsaya anka yi albarka. Na ce to gaya wa Shef ba ta da lahiyar kai. Ya ce ƙarya kenan, ƙarya kuwa ba ta kwana gidanshi. Jama'a, ku gaya mini yadda za a taimaki irin mutanen ga! Ita ba ta yin shiru, shi ba shi hana ta, ba shi ƙarya, ba shi kuma yarda gwamnati ta yi laihi. Ni da ba ni da ko akuya a garin, ni ne na rame.

Cikin hushi na ce da ma irin majami'un da na gani a Legas da Abijan ne, inda kowa ke addu'a lokaci guda da ihu, ba mai jin wani. Ya ɗaga mini yatsa. "Wannan kasuwar Barmu ce, ba sujada ba. Allah mai tsari ne. Muddin ina raye ba a yin wannan hauka a nan." Na ce to shi kenan, ka fara koyon tallan goro.

Lahadi ta zo da wani zahi mai nauyi, iska ko motsi. Kwanon majami'a na ƙara tas, tas. Shef ya iso da babbar riga kamar alhaji, amma takalmin soja ne a ƙasa, ga baƙin tabarau. Yaya ya tarbe shi, ya sa anka kawo kujera daga gida anka aje mishi gaba. Illa ya lafe bencinshi, takalmi a hannu.

Anka yi waƙa, murya duk ta bushe. Wa'azin Yaya ranar gajere ne, abin da bai taɓa faruwa ba. Rigar da ya goge ta jiƙe sharkaf. Ya ce lokacin roƙo ya yi. Na dubi ɓangaren mata. Madam ta kai hannu ga ɗaurin zane.

Yaya ma ya gan ta. Ya ce:

"Yau... kowa ya tashi tsaye. Za mu yi roƙo gaba ɗaya. Kowa da bakinshi. Da ƙarhi."

Ba wanda ya motsa. Baba Dauda tela, wanda ya girmi kowa, ya sa hannu bayan kunne: "Gaba ɗaya, Mushe? To wa zai ce amin?"

Madam ba ta jira amsa ba. "Ya Uba, na komo kan maganar buhunan..."

Sai wani ƙara ya tashi kusa da ni, na zaci jaki ne ya shigo. Yaya ne. Mutumin da ko yaro zai tsawata wa sai ya rage murya, ya daddage, jijiyar wuya ta hito, shina kiran Ubangiji kamar mai kiran wani daga ƙetaren gulbi. Baba Dauda ya dubi Shef, ya dubi Madam, ya gane. Ya ɗaga hannuwa ya kama. Maza sunka kama. Mata sunka kama. Jarirai sunka tsorata sunka ba da nasu taimako.

Ni ba gwanin addu'a ba ne, kalmomina sunka ƙare nan da nan. Sai na shiga roƙa wa garuruwa ruwa ɗaya bayan ɗaya yadda nike wuce su: Badagishiri, Kwanni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya. Na ƙetare iyaka, na roƙa wa Paraku, na roƙa wa Kwatano, garin da ruwa ya ishe su har cikin ɗaki. Muryar Madam kuwa siririya ce mai huda, irin ta mai kiran yaro daga ƙarshen unguwa. Da ka ji "buhu" ya leƙo sama, sai ɓangaren maza su taso kamar an taka wutsiyarsu, su danne shi. Ta ƙara, mu ƙara. Ga yunwa, ga ƙishi, ga jiri na ɗibata, ina ihu ina jin haushin su biyun duka.

Ina tsakanin Kwatano da Lome numfashina ya yanke. Cikin ɗan shirun nan nawa kunnena ya kama abin da Yaya ke faɗi, don kafaɗata na gogar tashi.

Na zaci haddar da ya saba shike yi. Ashe sunaye ne. Sunayen 'yan ajinshi. Wanda ya daina zuwa, wadda ta faɗi a layi da sahe, wanda iyayenshi sunka kwashe shi sunka yi kudu, biyu da ya san ba su komowa. Bencin baya duk babu kowa, Ubangiji, shike cewa, kullum ina kiran suna ba mai amsawa. Sannan ya shiga buhunan. Ya faɗi magazar, ya faɗi kalar motar da Madam ta bar wa Allah, ya faɗi sunan mai motar. Hawaye da zuhwa sun haɗu mishi a haɓa. Duk wannan gaban Shef, kusa har yawunshi na iya kai wa tabarau.

Sai numfashina ya komo da gudu. Na kama daga Lome, ban tsaya ba sai Wagadugu.

Shef ya jure iyakar jurewarshi. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya toshe kunne guda. Can ya miƙe ya hita, Illa na biye. Ba wanda ya san yadda ake tsaida irin wannan addu'a, don ba mu taɓa yi ba, sai da mutane sunka zube kan benci ɗaya ɗaya don gajiya. Baba Dauda ya ce amin shi kaɗai.

Da la'asar Illa ya biyo ta ƙofar gida, bai ko shigo ba. Ya ce Shef na kwance da ciwon kai. Wai Shef ya ce mutanen ga yunwa ta taɓa musu kai amma ba su da haɗari, kuma ya tausaya wa Illa ƙwarai. Aikin Yaya bai tahi ba, ya riƙe allinshi har ya yi ritaya. Ruwa kuwa bai zo ba, ko ɗigo, sai wata shekara. Majami'armu har yau haka take roƙo, yaran yanzu na tsammanin tun fil'azal ne.

Amma gida ba a yi murna ba. Da marece Madam ta dire muna kwanon tuwo kamar mai jefa dutse rijiya. Muryar Yaya ta tahi gaba ɗaya, in ya buɗe baki iska kawai ke hita.

"Ka kyauta, Mushe. Ka binne mini addu'a da raina. Shekara da shekaru kana ce muna tsari, tsari, yau don kujerarka ka maida ɗakin Allah tasha. Matsoraci kawai." Ta juyo kaina. "Kai, ƙaramin miji, kai ke kusa da shi. Mi shike ta kururuwa haka kamar ana yanka shi?"

Na dubi Yaya. Ban taɓa ganin ido na roƙo irin haka ba. Gaban Shef bai yi wannan huskar ba. Mutumin ga ya gwammace matarshi ta kira shi matsoraci har ƙarshen duniya da ta san ya bi bayanta kan maganar buhu.

Na ce: "Lahiya ya roƙa wa gwamnati."

"Na sani!" Ta buga murhin tukunya ta shige ɗaki tana ta faɗa.

Ya rage daga ni sai shi. Yaya Bulus, dattijon ikkilisiya, bai ɗago kai ba. Ya sa hannu cikin kwano, ya yanki rabin tuwonshi, ya turo gabana. A shekarar nan, jama'a. Tuwo.